Maigida Yana Sama, Mota Tana Haya

Direban nan maci amana ne, ba wani kwana-kwana. Yana sauke maigidansa a filin jirgi ya tambaya, "Ranka ya daɗe, tafiyar da nisa?"

"Sai mun ƙetare teku. Wuni guda muna sama."

Shi ke nan, gogan ya mai da motar ta haya. Ya kai fasinja gari, ya dawo neman wani. Wani ya buɗe ƙofar baya ya zauna.

Ko waiwayowa bai yi ba. "Ina zuwa? Ban da ciniki, motata ba ta kowa ba ce."

"Gida. An soke tashin jirgin. Ai ka san hanya."

A ƙofar gida aka karɓe makullin, aka sallame shi.