Bindigar Kaka

Da idona na gani, waɗannan biyun, kuma a lokacin ko tabarau ban fara sawa ba. Duk wanda ya ce ƙarya nake ya je kulob ɗin harbi na Kurrawin ya tambayi Merv.

Merv ne mai riƙe da makullin ɗakin bindigogin kulob. Ranar Laraba yana goge su, sai ga Des Brophy ya cika ƙofa. Des ke nan, gwanin askin tumaki, ƙaton da kofin gasar kulob ya tsufa a kan talabijin ɗinsa. Bana ko sau ɗaya bai leƙo ba, wai aski ya kai shi nesa, a can yake harbinsa.

Merv ya miƙa hannu su gaisa. Des ya taɓa bakin malafarsa kawai.

"Tsoho, aron bindiga na zo. Ba don ni ba, don Glenys."

Glenys matarsa ce, tana can gonar tumaki, ba wanda ya taɓa ganinta sai daga nesa, a bayan sitiyari. Des ya ce ciwon gaɓoɓi ya cinye mata yatsu, ko murfin kwalba ba ta iya buɗewa. Ga doka kuwa ba ta san ciwo ba: wanda bai yi harbi a gasa ba kafin shekara ta rufe, lasisinsa ya tafi, 'yan sanda su zo su kwashe bindigoginsa. Gasar Asabar ce ta ƙarshe.

"Ka kawo ta mana ta gwada da hannunta," in ji Merv.

"Kunya take ji. Kai dai fito da su, ni zan zama ita."

Merv ya ɗauko mai jigida, irin wadda sai an ja bayanta kafin a harba. Des ya kama bayanta zai ja, ya lanƙwashe yatsu, ya cije leɓe, ya yi nishi, ƙarfen bai motsa ba. Mu da ke zaune muka kwashe da dariya.

"Kai, Des, ashe ka iya tsohuwa haka!"

"Kullum ina kallonta, ba dole ba?"

Aka kawo mai ganga, wadda gidan harsashinta ke juyawa. Wannan ba a jan komai, amma kunamarta taurin kai gare ta. Des ya sa yatsa, ya matsa, bakin bindiga ya yi ta rawa kamar jelar kare. Har gumi ya yi, don dai wasan ya yi kyau. Merv ya share hawayen dariya, ya jefa masa gwangwanin giya. Des ya tare shi da ƙirji, ya ce hannunsa duk mai, a ɓalle masa.

Haka suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan nauyi, waccan in ta tashi dukan hannunta ya yi yawa. Merv ya fara damuwa da gaske, don mutum ne mai tausayi, ga shi bai so a ce a zamaninsa aka ƙwace wa mace lasisi. Sai ya miƙa hannu can ƙuryar akwatin.

"Saura Kaka."

Wata 'yar mitsitsiya ce, bakinta karyewa yake a zura harsashi, kunamarta kuwa ko ƙuda ya sauka sai ta tashi. Des da kansa ya raɗa mata sunan. Shi ne ya ce duk namijin da ya riƙe ta a sayo masa siket, kuma ya taɓa rataya wa wani siket ɗin a madubin mota.

Des ya ɗauke ta. Ya karya, ya rufe, ya matsa. Ƙas! Ya sake. Ƙas! Ya juya ta a tafinsa yana duba mariƙin.

"Mariƙin ya yi siriri," in ji shi. "A naɗa masa roba, ya yi kauri sosai."

"Don hannun mace?"

"In yatsu ba sa rufuwa, kauri suke so. Haka ta ce."

Merv ya naɗa, Des na cewa ƙara, har mariƙin ya kai kaurin ƙotar gatari. Aka ajiye ta sai Asabar.

Suna fitowa sai ga a-kori-kura a bakin ƙofa, Glenys ta zo ɗaukar mijinta. Naɗin wayar shinge ya zamo daga baya, ta sauko, ta sunkuce shi da hannu ɗaya ta cilla ciki. Merv bai gani ba, yana kulle ƙofa. Ya juyo da fuskar jaje, ya miƙa mata yatsu biyu a hankali kamar zai taɓa ƙwai.

"Sannu, baiwar Allah, ya hannun?"

"Hannun wa?" in ji Glenys, ta damƙe nasa.

Na ji ƙarar ƙashi daga inda nake zaune. Merv ya durƙusa. Des ya duƙar da malafa har hanci. Glenys ta dubi mijinta, ta dubi Merv, ta yi ajiyar zuciya, ta buɗe wa Des ƙofar mota, ta ja masa bel ta ɗaure.

To, ƙarar ƙashin nan ni na ƙara, yatsun Merv lafiyarsu ƙalau, kumburi kawai suka yi. Amma sauran duk gaskiya ne. Ranar Asabar ba wanda ya yi tari, ba wanda ya ambaci siket, Glenys da ba ta taɓa harba bindiga ba a rayuwarta tana tsaye tana zura harsashi, mai Kaka a hannu kuwa, yana rungume da ita da tafuka biyu, Des ne.