Taga Ta Uku Daga Hagu

Ana gobe za a rushe tsohon asibitin da ke kan tsaunin Rodopi, wata mata ta hau da jikarta jaririya a hannu, ta tsaya ƙarƙashin itacen tuffa. A nan mahaifinta ya riƙa ɗaga ta sama duk Lahadi bayan coci, don uwarta ta hango ta daga taga, tunda an hana masu tarin fuka taɓa 'ya'yansu. Daga baya aka ce mata tarin ya kashe uwar.

Wata tsohuwar nas ta dogaro sanda ta matso.

"'Yar nan, wa kike nema? Ai ko ɓeraye sun yi ƙaura."

"Tagar uwata, Inna. Ta uku daga hagu."

Tsohuwar ta ɗaga kai ta dubi tagar.

"Wannan ai ta warke sarai. Ƙauyenku ne ke tsoron tari, ba wanda ya zo ɗaukarta. Da aka mayar da asibitin na masu taɓin hankali, sai aka bar ta a ciki. A hannuna ta tsufa har ta rasu. Ba ta duka, ba ta zagi. Duk Lahadi dai sai ta taje kai ta tsaya a taga, wai za a kawo mata 'yarta. Shi ne muka ce haukanta ke nan."

Ƙararrawar coci ta kaɗa daga kwari. Tagar ko gilashi babu. Matar ta gyara wa jaririyar hula, ta ɗaga ta sama. Ta riƙe ta haka, ba ta sauke ba.