Agogon da Ya Dawo da Lokacin Lisbon

Leszek ya buɗe ɗan akwatin zoben, amma idon Danuta bai tsaya a kan zoben ba. A kan tsintsiyar hannunsa ya tsaya, kan tsohon agogon kakansa wanda sai da hannu ake gyara masa lokaci.

Suna zaune a shagon shayi kusa da filin jirgin Warsaw, inda ta shekara tara tana yanka wa matafiya tikiti. Agogon bango ya nuna ƙarfe huɗu na yamma. Nasa ya nuna uku.

"Daga Vienna ka ce ka taso?"

"Daga wajen taro kai tsaye. Haba Danuta, aurenki nake nema, kina tambayata hanya?"

"Awa nawa kuka yi a sama?"

Ya yi 'yar dariya, ya gyara zama. "Ɗaya da 'yan mintuna. Ai kin fi ni sani."

Ta sani kuwa. Vienna da Warsaw lokacinsu ɗaya, ba mai taɓa agogo a tsakaninsu. Ta kuma san garin da ke bayansu da awa guda, tafiyar awa huɗu a jirgi, inda tsohuwar budurwarsa Renata ta koma bara.

"Yaya Lisbon?" ta tambaya a hankali. "Ana ruwa?"

Tafin hannunsa ya sauka kan agogon ya rufe, kamar mai ɓoye ciwo.

"Sallama na je yi mata. Na rantse, sallama kawai."

Danuta ta tura masa akwatin da yatsa ɗaya.

"Wanda ya je sallama ba ya zama har ya gyara agogo, Leszek. Kwana nawa ka yi?"