Kitsen da ke Cikin Bindigar Maharbi

Har yau in na ji warin kananzir sai zuciyata ta tashi.

A bayan kantinmu na unguwar Plaine Orety ne, can kusa da teku, bayan la'asar. Baba kan gyara bindigogin farauta in ciniki ya yi sanyi. Wani tsohon maharbi ya kawo tasa mai baki biyu, iskar teku ta sa ta yi tsatsa har ta ƙi buɗuwa. Baba ya jiƙa gaɓar da kananzir, yana bubbuga ta da guntun katako har ta saki. Wani baƙin maiƙo ya tsattsafo, yana ɗoyi kamar mushe.

"Uwata, hura min ramin nan," in ji Baba.

Na kafa baki na hura. Abin ya manne min a leɓe, ga ɗaci ga ƙarni.

Sai a lokacin Baba ya tambayi tsohon, "Da wane mai kake shafa mata?"

"Kitsen aladen daji," ya ce, har da alfahari.

Baba ya dube ni, ya dubi hannunsa. "Kada ki gaya wa Innarki."

Ban gaya mata ba. Har duka na sha a kan sabulun wankinta da na ƙarar a bakina.