Faifan da Ke Mantuwa

Ranar da Juwairiyya ta fara ganin Siddiƙu, yana durƙushe ƙarƙashin tebur yana neman inda zai jona kwamfuta, ƙafa ɗaya ba takalmi. Ɗan unguwar Ƙofar Atiku ne a nan Sakkwato, amma daga Legas aka ɗauko shi. Aikinsa ya shigar da fihirisar littattafan malaman Sakkwato cikin na'ura, in ya gama ya koma.

Cibiyar binciken da Juwairiyya ke wa aiki ta sayi na'urar ne lokacin da kuɗin mai ke neman inda zai zuba. Kwafin fihirisar ɗaya ya rage, shi ma gara ta fara nazarinsa. Siddiƙu na karantowa, Juwairiyya na bugawa. A firamare ta tsaya, sauran karatun ita ta koya wa kanta. Duk ofishin ita kaɗai ta karanta littafin da ya zo da na'urar, har bangon baya.

Aka kai harafin ƙarshe, aka wayi gari faifan da aka adana aikin ba komai a cikinsa. Shugaban cibiyar, Dakta Maigandi, ya ce laifin wuta ne, aka sayo janareta. Aka sake bugawa, ya sake ɓacewa. Ya ce aljannu ne, aka kawo malami ya yi wa na'urar tofi.

"Ke da ka tafiya da faifan ga gida," in ji Dakta, "ko Innarki ka rufe ƙwarya da shi?"

"Ranka ya daɗe, ɗakin Baba nika aje shi."

Da aikin ya ɓace a karo na uku, Dakta ya daina raha. Kanar, gwamnan soja, zai zo ƙaddamar da aikin, in na'ura ta yi shiru gabansa, Siddiƙu zai yi bayani a bariki. Siddiƙu ya rame, ya bar zancen Legas. Cikin wannan halin ya tura kawunsa Ƙofar Rini, gidan su Juwairiyya, aka ba shi ita.

Bayan biki suka koma ofis. Siddiƙu ya buɗe shafin farko na fihirisar.

"Amarya, in ya ƙara ɓata, sai ki riƙa kawo min tuwo bariki."

Ta gyara mayafi, ta ɗora yatsu kan haruffa.

"Karanto, Malam. Tunda ba ka komawa Legas, na yi maka alkawari: ba ni ƙara goge shi da maganaɗisun rediyon Baba."