A Nuna Mini Tarkace

Mati mai tsire ya daki teburinsa har robar yaji ta yi tsalle a gurbinta.

"Ƙarya ce, Mai unguwa. Babu jirgin da ya faɗo."

Ba maganar jirgi ta tara mutane ba, maganar gona ce. Lawal, yayan Mati, ya rasu bara ya bar mata ɗaya, Ummukulsum, da marayu, da gonar masara a hanyar Maska. Mati ya ce ta gandu ce, ta ubansu, don haka shi zai shuka ta bana. Ummukulsum ta ce mijinta ya saya da guminsa. Wanda ya sayar ya mutu, shaidu sun bi shi, saura mutum ɗaya: Sanda, tsohon direban babbar mota, aminin marigayin. Ga hadari ya fara haɗowa, kuma kowa ya sani wanda ya riga zuba iri, fitar da shi sai an sha wuya.

Mai unguwa Isah ya kira zama a ƙofar gidansa. Mati ya aika masa cewa ran kasuwa ba ya barin nama, mai son magana ya same shi a bakin sana'arsa. Haka dattawa suka kwaso jiki suka zo, suna haɗiyar hayaƙi da takaici.

Mati ba shi da hujja a kan gona, sai ya nemi hujja a kan shaida. Duk garin an san labarin Sanda. Zamanin da yake kai kaya can gaban Agadas, sun taɓa ɓata hanya suka faɗa kan tarkacen jirgin fasinjan da 'yan ta'adda suka sa wa bam: kujeru a cikin rairayi, taya a ƙone, ƙarafa warwatse iya ganinka. Shi kuwa Mati ya gama bincikensa a waya. Wai babu bam, babu jirgi, turawa ne suka shirya fim don su sami hanyar shiga hamada.

"Wanda ya ga jirgin da bai faɗo ba," in ji Mati, "ai zai ga cinikin da ba a yi ba. Wannan ne shaidarku? Mutumin da rana ta dafa wa ƙwaƙwalwa?"

Samari suka yi dariya. Ummukulsum tana tsaye gefe cikin hijabi.

Sanda bai taɓa zuwa wurin Mati ba, don haƙoransa sun daɗe da sallama da tsire. Ya dogara sandarsa ya matso. Maimakon ya dubi mai zaginsa, sai ya sunkuyar da kai ya ƙura wa tebur ido. Mati ya ce wa jama'a su duba, kunya ta kama tsoho.

Teburin kuwa abin kallo ne, Mati ma da shi yake cika baki. Farin ƙarfe ne da ba ya tsatsa, ga rashin nauyi, ga ƙananan ƙusoshi a jere kamar ɗinkin tela. Ya ɗan yi doro, mai yakan gangara gefe, amma a tsakiya akwai rami mai siffar ƙwai da robar yaji take zama a ciki kamar don ita aka yanka.

"Jirgi fa ba kaza ba ne da shaho zai ɗauke," Mati ya ci gaba, yana kaɗa wuƙa. "In ya faɗo, ina tarkacen? Hoto? Ni ma sai in yi maka hoton kana sallah a kan wata. A nuna mini tarkace in taɓa."

"In ka taɓa fa?" Sanda ya tambaya, bai ɗago ba.

"In na taɓa ko ƙusarsa ce da hannun nan, na yarda da shaidarka. Gona ta matar nan ce, ko karan dawa ba zan cira ba."

Mai unguwa ya ce ya maimaita. Mati ya maimaita da rantsuwa, ya kafa tafin hannunsa a kan tebur don ƙarin ƙarfi. Ya san tsoho ba shi da kuɗin mota zuwa Funtua, balle Agadas.

Sai Sanda ya juya.

"Ummukulsum, tsarabar da na kawo wa Lawal daga hamada, tana ina?"

"Ƙofar rumbu ya yi da ita, Baba. Ina cikin takaba aka zo aka ɓalle ta. Da na tambaya aka ce mini kayan gandu ne."

Dariyar samari ta tsaya. Mai unguwa ya tattare babbar riga, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin teburin. Ya daɗe a can. Da ya miƙe, yatsunsa sun yi baƙi da tsohuwar ƙuna, yana riƙe da guntun wayar lantarki mai launi.

Hannun Mati yana nan inda ya kafa shi.

Sanda ya ɗaga robar ya ajiye gefe, ya zagaya bakin ramin da yatsa a hankali.

"Ta wannan tagar wani fasinja ya yi wa duniya kallon ƙarshe, Mati, kai kuma ka zo ka ɗora mata yaji."