Ƙarfe Mai Kiran Allura

Ina aji biyu a elementare ta Ikara, zamanin Turawa. Kowace Alhamis bayan azahar Malam yakan nuna mana sabon abu. Ran nan ya fito da wani baƙin ƙarfe lanƙwasasshe, ya jefa allura cikin kwanon yashi, ya motsa har ta ɓace.

"Wa zai fito da ita bai taɓa yashin ba?"

Kowa ya ja da baya, don a gida an sha gaya mana boko akwai tsafi a ciki. Malam ya kira ni, ya danƙa mini ƙarfen. Ga sanyi, ga nauyi. Na kai shi bisa kwanon. Sai yashi ya motsa, allura ta yi tsalle ta manne.

Aji ya kaure da ihu. Na ce, "Malam, aljani ne a ciki?"

Ya yi dariya. "Maganaɗisu sunansa. Wanda ya halicce ka, shi ya halicce shi."

Ban saki ƙarfen ba sai da aka kaɗa ƙararrawa. Yanzu jikokina wasa suke da irinsa, ko a jikinsu, ni kuwa har yau in na gani sai tsigar jikina ta tashi.